Kafintan da Aka Tura Yaƙi

Wani kafinta ne, ku gyara zama ku ji tasa. Mutum ne mai hannu, wannan kam ba wanda zai musa. In ya yi maka kujera, jikokinka ma sai sun zauna a kanta. Matsalarsa ɗaya ce tak: duk abin da ba katako ba ne, kansa ba ya ɗauka. In ya zo gidanka, ba fuskarka yake gaisarwa ba, ƙofarka yake gaisarwa. An taɓa kai shi asibiti duba wani maƙwabcinsa. Ya shiga ya tarar da mutum kwance yana nishi. Sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya girgiza kai ya ce, "Kai, ƙafar nan ba za ta kai baɗi ba." Maras lafiya ya zaci tasa ake nufi, ya fashe da kuka.

To, matar kafintan nan tana da ƙane. Shi ne ƙarami a gidansu, don haka kowa Auta yake ce masa, ko da yake gemu ya cika masa fuska. Gyaran waya yake yi. A ƙuryar shagonsa akwai talabijin huɗu da na'urar gem, inda shi da abokansa uku suke buga wani wasan sojoji. Irin wanda za a ba ka bindiga a jefa ka cikin garin da yaƙi ya cinye, ku huɗu su huɗu, ɓangaren da ya rage da rai shi ya ci. Akwai Auta, akwai Mai-aski, akwai wani direban tasi da ake kira Dogo, sai gwaninsu duka, wani Tela siriri wanda in ya hango kunnenka daga ƙarshen gari, to ka yi bankwana da kunnen.

Sun shiga gasa, sun yi ta korar ƙungiyoyi har sun kai wasan ƙarshe. Ranar Asabar za a buga. Duk ƙungiyar da ta ci, kowane ɗan cikinta sabon babur. Auta har ya sayi hular kwano ya rataye a shago.

Ranar Talata kafinta ya zo kafa wa Auta kanta a bango. Yana kan tsani, guduma a aljihun baya. Tela yana zaune a ƙasa, ya ɗora hannu a kan tebur yana shan iska. Kafinta ya juya don ya gaya wa Auta cewa tsanin nan aikin banza ne. Guduma ta sulale. Ba ta sauka ko'ina ba sai a kan babban yatsan Tela na dama.

Tela ya kwarma ihu. Kafinta ya diro da sauri, ya ɗauki gudumarsa, ya duba ta gaba da baya.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Ba abin da ya same ta."

Yatsa ya kumbura ya zama kamar ƙwan fitila. Likita ya naɗe shi, ya ce sati uku ko allura kada ya riƙe. Auta ya dafe kai. Dokar gasa ta ce sai mutum huɗu cif, kuma ba a ɗauko wanda ya riga ya buga wa wata ƙungiya. Duk wanda ya iya riƙe rimot a garin kuwa ya buga an fitar da shi. Auta ya kira yayarsa a waya. Kafin rabin awa ta iso shagon.

Ta dubi yatsa, ta dubi ƙanenta, ta dubi mijinta.

"Maigida, kai ka fasa yatsa, kai za ka zama yatsa."

"Haba, Maman yara. Ni ban iya yaƙi ba."

"Ka iya jifa da guduma ba tare da ka duba ba. Ai shi ne yaƙi."

"Ina da aikin mutane a shago."

"Ni ma ina da aikin mutane a kicin. In ƙanena ya rasa babur ɗin nan saboda kai, sai ka sassaƙa tukunyar katako ka dafa wa kanka."

Shi ke nan, aka zaunar da kafinta gaban talabijin. Aka ɗora masa abin sauti a kunne, aka danƙa masa rimot. Ya riƙe shi da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera.

Auta ya ce, "Yaya, wannan na tafiya ne. Wannan na juyawa. Wannan na dama shi ne na harbi."

"To. Ina ni?"

"Ga ka nan."

"Ina? Ni hannu biyu kawai nake gani da bindiga."

"Ai hannuwanka ne. Kai ne sojan, da idonsa kake kallo."

Kafinta ya matso ya ƙura ido. "A'a. Wannan hannun bai taɓa riƙe zarto ba. Ina tabon da ke nan? Dubi farce tas-tas. Wannan hannun ma'aikacin banki ne."

"Yaya, danna ƙasa ka ga jikinka."

Ya danna. Sai ga wandon soja da manyan takalma.

"Ina tumbina?"

"Babu tumbi a nan."

Kafinta ya ƙura wa takalman ido. Can ya ce, "Shekara goma sha biyu rabona da ganin takalmina ina tsaye. Auta, wasan nan yana da kyau."

Kuma wallahi yana da kyau, ba ƙarya. Hayaƙi yana tashi kamar ka shaƙa ka yi tari. Ruwan da ya kwanta a titi yana nuna benen da ke cin wuta. In an harba, sai ka ji kwanson harsashi yana gangarawa a kan kwalta, tin-tin-tin. Wani jirgi mai saukar ungulu ya taso daga kunnen hagu ya fita ta na dama. Kafinta ya sunkuya da ƙarfi ya kai wa gwiwar Dogo karo.

"Ku kwanta! Ku kwanta mana!"

Dogo ya ce, "Oga, a kunnenka yake."

"Ya shiga kunnena? To ku ciro shi!"

Aka lallashe shi ya fara tafiya. Da farko sama kawai yake kallo. Daga nan ƙasa kawai. Daga nan ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar fanka. Da ƙyar ya miƙe, ya tafi sambal, ya je ya yi karo da wata ƙofa. A nan ya tsaya.

Ƙofa ce koriya, ta wani gida mai bene a bakin titi. Ana ganin jijiyar katakon tana tafiya daga sama har ƙasa. Fenti ya ɗan ɓare daga ƙasa, inda ruwan sama ke fallatsowa. Mariƙinta na tagulla ne, ya yi ƙyalli daidai inda hannu ke kamawa. Ko kan ƙusa ɗaya ba ka gani.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wa ya yi ƙofar nan?"

"Kwamfuta ce."

"Ɗan wane gari ne?"

"Yaya, shiga ciki! Ga abokin gaba nan zuwa!"

"In faɗa gidan mutane haka kawai? Ina wurin ƙwanƙwasawa?"

"Babu!"

Kafinta ya tashi ya ƙwanƙwasa gilashin talabijin da bayan yatsa. "Akwai mutane?"

Tatatata! Fuskar talabijin ta yi ja.

"Me ya faru?"

Mai-aski ya ce, "An kashe ka."

"Wa?"

"Wancan mai baƙar hula."

"Me na yi masa? Mun taɓa haɗuwa? Ko na taɓa yi masa aiki bai ji daɗi ba?" Ya juya wajen matarsa, ido ya kawo ruwa. "Maman yara, ki yafe min. Mukullin shago yana ƙarƙashin..."

"Yaya, ka dawo. Ga ka can a bakin gada."

"Da wuri haka? Ko gaisuwa ba a karɓa ba?"

Daga bakin gada bai zame ko'ina ba sai gaban koriyar ƙofa. Aka sake kashe shi. Ya dawo. Aka sake. Sau goma sha tara ana kashe shi a wuri ɗaya, har wanda ke harbin ya gaji ya riƙa wucewa ta gefensa. Tela yana kallo da yatsa a sama, hawaye yana bin kumatunsa, kuma ba na ciwo ba ne.

Auta ya ce ba yadda za a yi. Ya kwance na'ura ɗaya ya kai gidan yayarsa, ya haɗa da talabijin ɗin falo. Ya sa masa filin atisaye: garin nan dai, titunan nan dai, amma ba abokin gaba ko ɗaya, sai alluna masu siffar mutum da ke tasowa a lungu.

"Yaya, kwana uku gare ka. Ka koyi tafiya, ka koyi harbi. Duk allon da ya taso, ka harbe shi."

"Allunan na mene ne?"

"Na katako."

"To. Mu gani dai."

Washegari kafinta bai buɗe shago ba. Tun da ya karya ya zauna gaban talabijin. Matarsa tana kicin tana kasa kunne. Awa ɗaya, ba harbi. Awa biyu, ba harbi. Abin da take ji kawai ƙiiii, gam. Ƙiiii, gam. Ta leƙo da ludayi a hannu.

"Maigida, ban ji harbi ba."

"Shsh. Saurara." Ya buɗe koriyar ƙofa, ya rufe. "Kin ji?"

"Ban ji komai ba."

"Yawwa! Ko tari ba ta yi. Yanzu ji ta gidan baya." Ƙiiii. "Wannan mai take so. Masu gidan ba su da kula."

"Su wane ne masu gidan?"

"Ban same su ba. Amma na rufe musu tagogi."

Haka ya wuni. Ya bi garin gida-gida. Ƙofa arba'in da uku, ya san kowacce da halinta. Ya san benen da matakalarsa ta uku ke kuka. Ya san kwabar da za ta ɗauki mutum a tsaye. Ya san bangon da aka yi da bulo, ya san wanda aka yi ha'inci aka raba ɗaki da filawud, siririn katakon nan, aka shafe da fenti. A nan kam ya yi tsaki ya fi sau goma. Allo ya taso a gabansa, mai siffar soja, sai ya zaga bayansa ya duba yadda aka haɗa shi, ya ce ba laifi, ya wuce.

Rana ta biyu ya ɗauko tef ɗin awo. Ya tsayar da sojansa a tsallaken titi, ya kara tef a jikin talabijin, ya auna koriyar ƙofa, ya rubuta da fensir a bayan hannu. Gwiwarsa ta taɓa rimot, soja ya matsa gaba. Ya sake aunawa don ya tabbatar. Awo ya ninka.

"Maman yara! Zo ki gani! Ƙofar nan girma take!"

Ta zo ta duba. "Matsowa ka yi."

"Ni? Ina nan gaban talabijin tun safe. Tambayi kujerar nan."

Ya sake taɓawa, ƙofa ta cika talabijin. Ya ja da baya ya riƙe baki. "Shekara talatin ina aikin katako, ban taɓa ganin wanda ke ci gaba da girma bayan an sare shi ba."

Da rana ya ruga shago da awo uku a bayan hannu. Da ma shugabar wata makaranta ta ba shi aikin ƙofar ofishinta, ranar Juma'a za ta karɓa. Ya yi ta zarto, ya yi ta goga, ya yi ta fenti. Juma'a da hantsi sai ga ta da mota, an kwantar da kujerun baya don a saka ƙofa.

"Malam, ina ƙofata?"

Ya yaye zane. Ga ƙofofi uku a jere, koraye shar, kowacce da mariƙin tagulla, aiki kamar ka lasa. Ta farko kyanwa ce kawai za ta shige ta. Ta biyu ta kai gwiwa. Ta uku da ƙyar ta kai ƙugu.

"Wacce ce tawa a ciki?"

"Duk naki ne, Malama. Ya danganta da inda kika tsaya."

"Ban gane ba."

"In kina tsallaken titi, wannan ƙaramar. In kin zo tsakiyar titi, wannan. In kin iso bakin ofis, wannan."

"In zan shiga fa?"

Ya sosa ƙeya da fensir. "Wannan awon ne talabijin ɗina bai ɗauka ba. Sai an sami babba."

Malama ta dube shi, ta dubi ƙofofin, ta tayar da kujerun motarta ta tafi, ko sai an jima ba ta ce ba.

Asabar ta zo. Ƙarfe biyu na rana, babban zaure ya cika maƙil. An kafa ƙaton allo a sama don 'yan kallo. A kan dandamali tebur biyu, 'yan wasa sun ba allon baya, kowa da ƙaramin talabijin ɗinsa da abin kunnensa. Babura huɗu a gefe suna walƙiya. Abokan karawar samari ne huɗu, riguna baƙaƙe iri ɗaya, suna taunar cingam a tare. Shugabansu wani mai tabarau ne da ba ya murmushi. Kafinta kuwa ya zo da fensir a kunne da tef a ƙugu. Matarsa tana layi na biyu. Tela yana layin gaba da yatsa a sama kamar mai neman izinin magana.

Mai sanarwa ya kama lasifika. "Zagaye ɗaya ne, minti goma! Yau ba dawowa! Wanda aka kashe ya kasu!"

Kafinta ya ce, "To, yau kam ta gaske ce."

Auta ya sunkuyo. "Yaya, don girman Allah, ka nemi lungu ka ɓuya. Kada ka yi komai. Kada ka taɓa komai. Mu uku za mu ji da su."

"Na san wata kwaba mai kyau."

"Shiga. Ka zauna a ciki har ranar Litinin."

Aka fara. Kafinta ya bi ta bayan gidaje, ya hau wani bene, ya tsallake matakala ta uku, ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa a hankali, ya shige kwaba ya ja murfi. Ya bar 'yar kafa yana leƙe.

A waje kuwa wuta ake yi. Dogo ya fito tsakiyar titi a guje kamar ya hango fasinja, aka ɗauke shi tun minti na biyu. Mai-aski ya kashe ɗaya, ya raunata mai tabarau, ya tsaya yin kirari, aka aske shi. Auta ya yi ta maza shi kaɗai, ya ɓuya nan ya ɓullo can, har harsashinsa ya ƙare a bayan wata motar da ta ƙone. Tatatata. Ya ajiye rimot ya kifa kai a tebur.

Mai sanarwa ya ce, "Uku da ɗaya! Saura mutum ɗaya a wannan ɓangaren! Ina yake? A nuna mana shi!"

Ƙaton allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani siririn haske a tsakiya.

"Jama'a, wuta ce ta ɗauke? A'a... a cikin kwaba yake!"

Zaure ya kece da dariya. Matar kafinta ta ja mayafi ta rufe fuska.

Can sai ga takun takalmi. Ɗaya daga cikin masu baƙar riga ya hawo benen yana bincike. Ya zo ƙofar ɗakin. Bai murɗa mariƙi ba. Ya ɗaga ƙafa ya take ta. Gwaram! Ƙofa ta tsage biyu ta faɗi.

To, ku tuna kwana ukun nan a filin atisaye ya yi su, shi kaɗai. Ranar farko kuma ba a bar shi ya wuce bakin titi ba. Bai taɓa ganin an fasa ƙofa a garin nan ba sai yau.

"Da ƙafa?" in ji shi. Muryarsa ta fita ta lasifika, zaure duk ya ji. "Ƙofa da mariƙinta, da ƙafa?"

Ya banko murfin kwaba ya fito.

Auta ya ɗago. "Na dama, Yaya! Danna na dama!"

Ya danna na hagu. Soja ya juya bindiga ya kai duka da gindinta. Kwam! Kafinta ya ga abin ya yi kama da buga ƙusa, hannunsa ya gane aikin. Kwam! Kwam!

"Haka ake buɗe ƙofa a gidanku? Haka aka koya maka?"

Mai baƙar riga ya zube. Zaure ya ɗauki ihu. Mai sanarwa ya ce, "Biyu da ɗaya! Da gindin bindiga! Jama'a, ban taɓa gani ba!"

Kafinta bai ji su ba. Yana tsaye kan ɓaraguzan ƙofa yana huci. Sai ya ji ƙiiit a kunnen hagu.

"Matakala ta uku," ya ce. "Wani ya hawo."

Takun ya shiga ɗakin da ke maƙwabtaka, ya tsaya a bayan bango yana jira. Ba wanda ke ganinsa. Kafinta ya dubi bangon, ya taɓe baki.

"Filawud. Wannan kam ba na tausayinsa. Auta, wanne ne na harbin?"

"Na dama! Na dama!"

Tatatatata! Ya zazzage wa bango harsashi tun daga sama har ƙasa. Wani abu ya faɗi tim a bayansa.

"Ɗaya da ɗaya!"

Mutane suka hau kan kujeru. Tela ya yi tsalle ya buga yatsa a jikin kujerar gaba, ya ci gaba da ihu, ba wanda ya san na murna ne ko na azaba. Matar kafinta ta yaye mayafi tana nuna shi. "Mijina ne! Mijina ne wannan!"

Saura mai tabarau. Rauni gare shi, ransa saura ƙiris, ko tari aka yi masa zai faɗi. Harsashinsa ya ƙare, gurneti ɗaya ya rage masa. Ya ga ba dama, ya ruga ya faɗa wani gida a bakin titi, ya rufe ƙofa, ya danna sakata, ya lafe a bayanta.

Kafinta ya sauko ya biyo titi, ya zo ya tsaya. Koriyar ƙofa ce. Ga inuwar ƙafafun mutum nan ana gani ta ƙarƙashinta. Saura minti ɗaya.

Auta ya kama kafaɗarsa. "Yaya, yana bayanta! Harsashi ɗaya! Harba!"

"Ta ina?"

"Ta cikin ƙofar!"

"Wannan ƙofar?"

Zaure gaba ɗaya: "Harba! Harba! Harba!"

"Auta, ka san shekara nawa itacen nan ya yi kafin ya kai haka?"

"Yaya, babur huɗu!"

"Babur ai ƙarfe ne."

Ya murɗa mariƙi, a kulle. Ya zaga ya duba taga, da ƙarfe. Ya dawo ya tsaya. Saura daƙiƙa arba'in. Matarsa ta cire takalmi ta ɗaga sama.

"Maigida! Ka harba ko in harbo ka!"

Kafinta ya yi ajiyar zuciya. Ya cire abin kunne ya ajiye. Ya ɗora rimot a kan tebur a hankali. Ya miƙe, ya gyara wando, ya tsallaka dandamali har teburin masu baƙar riga. Ya taɓa kafaɗar mai tabarau, ya ɗaga masa abin kunne ɗaya.

"Samari, don Allah fito waje in kashe ka. Kada mu ɓata wa mutane ƙofa."

Mai tabarau ya dube shi ta saman tabarau. Ya waiga ya dubi ƙaton allo, ya ga soja tsaye ƙiƙam a gaban ƙofa, ba mai riƙe da shi.

"To, Baba. Ga ni nan fitowa."

"Yawwa. Allah ya yi maka albarka. Ka zare sakatar a hankali."

Yaron nan ya zare gurneti, ya ajiye a gindin ƙofa, ya haye bene. Kafinta yana tsakiyar dandamali, yana komawa kujerarsa cikin natsuwa.

Dummm!

Ƙofa ta tashi, soja ya tashi, har mariƙin tagulla aka gani yana juyi a sama kafin ya faɗo cikin kwata. Masu baƙar riga suka rungume juna. Dogo ya fita waje ba ko waiwaye. Mai-aski ya zauna yana kallon silin. Auta ya sulale daga kujera ya kwanta a ƙasa, ya miƙe ƙafa.

Kafinta kuwa yana tsaye gaban ƙaton allo, yana kallon guntayen koren katako suna cin wuta a titi. Hawaye sharɓe-sharɓe. Ya share da hannun riga, ya nufi shugaban gasar da ke shirin miƙa mukullan babura.

"Ranka ya daɗe, ku ba ni sati ɗaya. Zan yi wata. Ba za ta kai ta ba, amma masu gidan ba za su dawo su tarar da shi a buɗe ba."

Shugaban gasa ya ce, "Wace ƙofa, Malam?" Ya yi wa mai kula da na'ura alama. Aka danna wani abu. Allo ya yi duhu ya dawo. Ga gari nan kamar ba a taɓa shi ba. Ga koriyar ƙofa tsaye, mariƙi yana ƙyalli. Aka leƙa bene, ga ƙofar ɗaki a jikinta. Har filawud ɗin ya koma sumul, ba huda ko ɗaya.

Kafinta ya buɗe baki. "Wa ya gyara?"

"Ba kowa."

"Yanzu-yanzu fa ta ƙone a gabana!"

"Kullum haka ne. A rana ana fasa ta sau dubu. Da an sake farawa, duk abin da ya karye a garin sai ya dawo da kansa."

Auta ya ɗago kai daga ƙasa. "Ka ji ko, Yaya? Da kanta take dawowa! Ka sa mun rasa babur huɗu saboda ƙofar da ke gyara kanta!"

Kafinta ya daɗe yana kallon allo yana girgiza kai.

"Allah sarki. Ni ina ta ɗora wa yaƙi laifi. Shi ya sa na zaga garin nan kaf ban ga kafinta ko ɗaya ba. Ashe yunwa ce ta kashe su."